Tambaya da Amsa: Cajin Motar Lantarki a Tashar Metro ta Riyad

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gidan haya nake zaune a Riyad, babu inda zan kafa na'urar caji. Kullum nakan ajiye mota a tashar Metro in hau jirgi zuwa aiki, sai bayan awa tara nake dawowa. Idan na sayi motar lantarki, zan iya dogara da caji a wurin fakin ɗin tasha?
Wani mai karatu daga Riyad

Amsa: Wa alaikumus salam. Zai yiwu, amma kada ka biya kuɗin mota sai ka je ka gani da idonka. Metro na Riyad ya fara aiki a Disambar 2024, yana da layuka 6 da tashoshi 85, kuma ba kowace tasha ke da wurin ajiye mota ba, balle na'urar caji. Je tasharka daidai lokacin da ka saba zuwa, ka duba ko akwai na'ura a ciki ko kusa, ka ƙirga bakunanta. Duba kuma manhajar EVIQ, kamfanin tashoshin caji da PIF (asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya) da kamfanin lantarki na ƙasar suka kafa a 2023.

Motar da za ta yini a ajiye, caji mai tafiya a hankali take so, wato na AC. Ɗauki batir mai 60 kWh (kWh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa). Daga kashi 20 zuwa 80 yana shan 36 kWh, abin da zai kai ka wajen kilomita 200. A na'ura mai kilowat 7 awa biyar da ɗoriya ne, a mai kilowat 11 kuwa kamar awa uku da rabi. Ka ga ba sai kullum ba, sau biyu a mako ya ishi mai gajeren zango. Kada kilowat 22 da za ka ga an rubuta a jikin wata na'ura ya ruɗe ka. Cajar da ke cikin motar ce ke yanke hukunci, idan 7 take karɓa, 7 za ta sha.

Na'urar DC mai sauri kuwa ba ta wanda zai hau jirgi ba ce. Cikin kamar rabin awa ta gama, motarka ta tare wa mutane wuri har magariba, wasu kamfanonin ma cajin kuɗi suke a kan wannan zaman.

Inda aka fi yin kuka shi ne bakin soket. A Saudiyya Type 2 da CCS2 ake amfani da su. Motar da aka shigo da ita kai tsaye daga kasuwar Sin takan zo da GB/T, ta Amurka kuma da CCS1 ko bakin Tesla, sai da adafta, shi ma ba kowane ne ke aiki ba. Buɗe murfin ka duba kafin ciniki. Wasu na'urorin AC ba su da kebul, naka za ka zo da shi, kuma ka sayi mai amfiya 32.

Bayan ka jona, kada ka ruga don jirgi ya iso. Tsaya minti ɗaya ka ga kilowat na hawa a allo. Sau da yawa kebul ne bai shiga ya ce ƙas ba, ko an saita motar ta fara caji da dare. Da bazara kuma, in zafi ya haura digiri 45, nemi inuwa, ka tsayar da caji a kashi 80, sai dai in nau'in batirin da ake kira LFP ne kamar na motocin kamfanin BYD, wanda ke jure a cika shi.