Me zan ci a gidan abincin Makau?

Ɗan'uwa, ka ce daga birnin Guangzhou za ka leƙa Makau da ke kudancin ƙasar Sin, kana son ɗanɗana girkin garin amma kana tsoron abin da za a zuba maka.

Turawan Fotugal sun riƙe Makau har 1999, shi ya sa girkin garin haɗin gambiza ne: na Fotugal da na Sin, ga madarar kwakwa, kurkum da barkono. Ni galinha à africana ta fi burge ni, kaza gasasshiya da aka lulluɓe da miya mai kauri ta gyaɗa da kwakwa da yaji. Lomar farko sai da na tuna gida.

Inda ake yin kuskure shi ne minchi. Niƙaƙƙen nama ne da soyayyen dankali da ƙwai a sama, amma sau da yawa akwai alade a ciki. Giya ma kan shiga miya, kuma kazar ba lallai yankan Musulmi ba ce. Ka tambaya kafin ka yi oda. Kifin bacalhau ya fi sa hankali kwanciya.

Ka je masallacin Makau, za su nuna maka wuraren halal. In gyaɗa ko jatan lande ba sa karɓar jikinka, ka ga likita kafin tafiya.