Abincin biki da ake dafawa a ture gefe

Malam, ka tambaya me ya sa iyalai ke dafa abincin biki da kusan kowa ke turewa gefe. A ganina, yawancinsu dabarun ajiya ne na zamanin da babu firji. Dubi lutefisk na ƙasar Norway: busasshen kifi ne da ake jiƙawa cikin ruwan toka mai ƙarfi, sannan a wanke shi kwanaki har ya yi laushi yana santsi. Jikokin 'yan Norway a jihar Minnesota ta Amurka har yau suna cinsa lokacin Kirsimeti, wasu da kyar suke haɗiyewa. Haka kek ɗin busassun 'ya'yan itace na Ingila, wanda yawan sukari ke sa ya yi watanni bai lalace ba.

Firji ya zo tuntuni, amma wa zai kalli kaka ya ce mata a daina? Ni dai ba zan iya ba.