Amsa ga Yayana kan shagunan wiwi a ƙananan garuruwan Massachusetts

Yaya, ka tambaye ni ko gaskiya ne a jihar da muke zaune ana sayar da tabar wiwi a shago da izinin hukuma, sannan ka ƙara da cewa wanda ya raini 'ya'ya a irin wannan wuri da wuya su tashi Hausawa. Maganar farko gaskiya ce, ta biyun kuwa ta sosa mini rai.

A shekarar 2016 mutanen jiharmu ta Massachusetts a nan Amurka suka kaɗa ƙuri'ar halatta wiwi ga wanda ya kai shekara 21, kuma a watan Nuwamba na 2018 aka buɗe shagunan farko guda biyu, ɗaya daga ciki a Leicester, wani ɗan ƙaramin gari da ke maƙwabtaka da Worcester inda muke. Motoci suka yi ta kwarara daga jihohin da ke kewaye har hanya ta cushe, mazauna garin suka kai kuka gaban shugabanninsu. Abin da ke jan ƙananan garuruwa shi ne kuɗi, domin doka ta ba gari damar karɓar harajin kashi 3 cikin 100 na cinikin. Sai dai dokar ta kuma ba gari ikon ya ce ba ya so, kuma garuruwa da dama sun faɗi hakan.

Ni dai ra'ayina a fili yake: ƙaramin gari bai kamata ya karɓi wannan shago ba. Garin da babban titinsa ɗaya ne, ta nan motar makaranta ke bi safe da yamma, yaro zai riƙa ganin shagon tsaf da fitilu har abin ya daina ba shi tsoro. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tabar wiwin da ake sarrafawa ta koma alewa ko cakulan, babu hayaƙi babu wari, uwa za ta iya gani a jakar ɗanta ta wuce ba ta gane ba. Ga kuma tarkon da baƙi irinmu kaɗai ke faɗawa: gwamnatin tarayya ba ta halatta wannan ciniki ba, kuma a 2019 hukumar shige da fice ta bayyana cewa aiki a harkar na iya hana mutum zama ɗan ƙasa. Shi ya sa dattawanmu, da na Najeriya da na zangon Kumasi, suke ja wa samari kunne bayan sallar Juma'a cewa ko gadin ƙofar shagon kada su karɓa, komai tsokar albashin.

Amma Yaya, ka yi mana adalci. A Kano babu shago ko ɗaya, ga NDLEA ga Hisbah, duk da haka ka san kangon da ke bayan gidanmu, wanda marigayi Baba ya sha korar samari daga cikinsa da asuba. Mai sayarwa a kango ba ya tambayar shekarun yaro, alhali a nan sai an duba katin shaida tun daga bakin ƙofa. Wannan bai sa na yarda da shagon ba, ina dai ƙin a ɗauka cewa tarbiyya a gida kaɗai ta rage.

Na san abin da ke ranka shi ne auren da ɗana ya yi da Ba'amurkiya, wanda har yau ba ku daina yi mini gori a kai ba. Iyayenta suna goyon bayan shagunan, mun sha muhawara da mahaifinta cikin mutunci, amma ita ce ta fi kowa sa ido kan abin da jikokina ke kawowa gida daga makaranta, kuma ita ke kai su Islamiyya ran Asabar. Yaran suna durƙusawa su gaishe ni da Hausa, ko da yake harshen nasu ya ɗan karye. Idan za ka kira ran Lahadi, ka kira bayan la'asar ɗinmu, lokacin suna gida, ka yi musu tambayoyin da kanka.