Gawo ya cika mini gona, me zan yi da kalgo da sabara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a ƙasar Tasawa. Gonata jigawa ce, akwai gawo wajen 30 a ciki, bakin gona kuma na dasa bedi. Malaman gona na ta cewa in na zo sassabe in riƙa barin kalgo da sabara da aduwa da magarya. Ni a ganina icce icce ne, tunda ina da su da yawa. Waɗannan ƙananan wuri kawai suke ci, su tara tsuntsaye. Ina amfanin cakuɗa su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan gona. Mai gawo 30 a jigawa ya riƙe dukiya, kada kowa ya sa ka raina ta. Amma malaman gona sun faɗa maka gaskiya, kuma dalilin yana cikin halin shi gawon kansa.

Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa. Da damana ta faɗi sai ya zubar da ganye, shi ya sa hatsin da ke gindinsa ke samun rana kuma yake samun taki. Saiwarsa na da ƙwayoyin halitta masu kamo sinadarin naitirojin daga iska su bar shi a ƙasa. Da rani ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa, su ci ƴaƴansa, su bar kashi. Duk wannan ka fi ni ganinsa. Sai dai ka duba inda rassansa suke: can sama. Iskar da ke tasowa gaban hadarin farkon damana, wadda ke kwasar rairayi ta bulale hatsi yana ɗan tsiro har a sake shuka sau biyu sau uku, a ƙasa-ƙasa take bi. Ta gindin gawo take wucewa abinta, a lokacin ma shi ba ganye. Mai tare ta shi ne ɗan kurmin sabara ko kalgo da bai wuce ƙugu ba. Ka je gindin sabara bayan hunturu, ka sa hannu. Za ka tarar ƙasar ta yi tudu, ta fi ta kewaye duhu da laushi, cike da busasshen ganye da ƙurar da iska ta kwaso daga gonakin da aka share ƙwal. Takin maƙwabta ne ya zo maka har gida.

Akwai kuma aikin da ido ba ya gani. Masu bincike a Senegal sun auna sabara da kalgo a gonakin hatsi, suka gano cewa da dare saiwarsu na jawo ruwa daga can ƙasa mai damshi, ta saki wani abu daga ciki a ƙasar sama wadda ta bushe. Hatsin da ke kusa yana shan wannan ruwa. A shekara mai ruwa ba za ka lura ba. Ranar da ruwa ya ɗauke kwana 15 hatsi na tsakiyar girma, ka zaga gona da hantsi ka ga wanne ya fara murɗe ganye. Ganyen da ka sassabe ka baza kuwa, gara na jan sa cikin ƙasa, ramukanta su zama hanyar da ruwan sama ke shiga maimakon ya gudu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani icce saiwarsa ta yi zurfi, wani ta bazu a sama. Wani ya yi fure da kaka, wani sai bazara. Zuma na bukatar fure duk shekara, in gawo ya gama nasa ba wani, sai ta ƙaura. Kuka da ɗorawa ma jemage ne ke yi musu barbara da dare. Haka abincin gida da na bisashe: ƴaƴan kalgo da ganyen aduwa na cike giɓi lokacin da rumbu da harawa suka yi ƙasa, magarya a ci a yi akuri, kuka a yi miya har a kai kasuwa. Mutanen jihar nan ba su manta 2005 ba, shekarar da gidaje da yawa suka rayu da anza, iccen da ba mai kallonsa in an yi damana mai kyau.

Abin da ya fi damuna da gona mai iri ɗaya shi ne ranar masifa. A farkon shekarun 1990 bedi ya kama bushewa daga sama a wurare da dama na Nijar, rassa su tsige ganye sai ɗan tuntu a baki. Garuruwan da duk inuwarsu bedi ce sun ji tsoro ƙwarai. Gawo ma yana da nasa raunin: da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake rayuwa da rani, in ruwan ya yi nisa, ko aka matsa masa da sara, sai ya fara mutuwa. Cuta ko fari da wuya su kwashe iri takwas lokaci guda. Bedinka kuwa ka bar shi a bakin gona inda ka sa shi, yana kare iska. A tsakiya inuwarsa ta damana na danne hatsi.

Zancen tsuntsaye ba zan ce ba ka da hujja ba, wasunsu na cin hatsi. Amma garken jan-baki mai share gona daga nesa yake zuwa, sare sabararka ba zai hana shi ba. Yawancin ƙananan da ke zama a kurmi kuwa ƙwari suke ci, har da tsutsar da ke huda zangarniya.

Sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma ana gyara masa rassa, a nan ƙasar Maraɗi ya kafu, tun 1983 da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa kututturan da ake ƙonewa kowace shekara suna da rai, manoma kuma suka ɗauki abin suka gyara shi da kansu. Yau ana ƙiyasin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ƙauyuka irin Ɗan Saga a ƙasar Agye har baƙi ke zuwa koyo. Amma in ka bi gonakin da kyau, iri kaɗan ne suka mamaye: gawo, kalgo, sabara, taramniya, masu saurin toho daga kututture. Kirya da ake sassaƙa turmi da ita, kanya, ɗanya, ɗorawa, sai ƙara wuyar gani suke. Wanda ya shiga dajin Babban Rafi a kudancin Madarumfa ya dawo gona zai ga bambancin nan take.

Don haka bana, kafin ka sa gatari, ka zaga ka ƙirga irin da ke tohowa. A kowane kututturen da ka zaɓa ka bar rassa 3 zuwa 5 masu ƙarfi, ka datse na gefe daga ƙasa zuwa rabin tsayi, ka baza ganyen. Ba sai ka bar kowace sabara ba. Ka rage inda ta yi cunkoso, ka bar ta sosai ta gabas inda iskar hadari ke shigowa. In ka ci karo da tsiron da babu irinsa a gonar, shi ne na farko da za ka kewaye da ƙaya saboda awaki. Kirya da kuka da ɗorawa sau da yawa sai an shuka: ƙwayarsu na da tauri, a kankare bayanta kaɗan ko a jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, a shuka da damana ta zauna. Gawon kuma yana cikin itatuwan da doka ta kare, in za ka rage masa rassa ka fara tuntuɓar ma'aikatan gandun daji na yankinku.