Asalin kalmar dinari

Wani mai karatu daga Zariya ya tambaya ko kalmar dinari, wadda malamai ke ambata a babin sadaki da na zakka, Larabci ce tun fil azal.

Daga bakin Larabawa muka karɓe ta, amma su ma aro suka yi. Tushenta shi ne denarius, sunan wani kuɗin azurfa da Rumawa suka fara bugawa wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna tsaka da yaƙi da Hannibal, jagoran sojojin daular Carthage ta Arewacin Afirka. A harshen Latin sunan na nufin mai ƙunshe da goma, domin ana canza guda ɗaya da kwabban tagulla goma masu suna as, kuma shi ya sa ake buga alamar X, wato goma a lissafinsu, a bayan ƙeyar gunkiyar birnin Rum da ke sanye da hular kwano. Nauyinsa a farko ya kai giram 4.5. Daga baya an mai da canjinsa as 16, amma sunan bai motsa ba.

Inda magana ta ɗauki wani salo shi ne yadda azurfa ta rikiɗe ta koma zinariya. Sarakunan Rum, musamman daga zamanin Nero, sun yi ta rage azurfar suna cakuɗa ta da tagulla har kuɗin ya lalace, alhali na zinariya, wanda ake kira denarius aureus kuma yake daidai da na azurfa 25, ya riƙe mutuncinsa. Da wannan ma'ana ta biyu kalmar ta shiga Larabci, ta zo a aya ta 75 ta Suratu Ali Imrana, sannan a shekara ta 77 bayan Hijira Halifa Abdulmalik bin Marwan ya buga dinarin Musulunci mai giram 4.25. Da shi ake auna nisabin zakka, dinari 20, da mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya, wato rubu'in dinari.

Masana da dama na ganin zinari da zinariya ma daga dinar suka fito, kuma a ganina hujjarsu tana da ƙarfi, ganin yadda sautin da ma'anar suka zo daidai.

Dattawan da suka yi ciniki da fam da sule kafin zuwan naira a 1973 za su tuna cewa harafin d ake sa wa kwabo a rubuce, kamar 6d a madadin sisi. Wannan harafin ma daga denarius Turawan Ingila suka gaje shi.