Hancina Ba Ya Buɗewa Sai Na Ɗiga Magani

Tambaya: Likita, wata bakwai ke nan hancina a toshe, goshina na nauyi, ko ƙamshin turare ba na ji. Sau uku ina shan antibayotik, ba sauƙi. Yanzu ba na iya barci sai na ɗiga Otrivin. An duba an ce tsiro ne a hancin. Sai tiyata ke nan?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, ba da wuƙa ake farawa ba. Toshewar da ta haura mako 12 yawanci kumburi ne ya zauna a kogunan hanci, shi ya sa antibayotik bai tsinana maka komai ba.

Kullum ka wanke hanci da mililita 240 na tafasasshen ruwa da ya huce, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Bayan wankin sai feshin maganin rage kumburi, mometasone ko fluticasone, fesa biyu a kowace kafar hanci. Ka ɗan sunkuya, bakin kwalbar ya kalli ɓangaren kunne. In ka saita shi tsakiyar hanci, haɓo na iya biyo baya. Ka ba shi mako 8 zuwa 12 kafin ka ce bai yi ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ɗigon Otrivin ɗin nan. Xylometazoline da ke cikinsa matse jijiyoyin jini kawai yake yi. Hanci ya buɗe cikin mintuna, mutum ya ɗauka waraka ta samu. Da ƙarfin maganin ya ƙare, jijiyoyin su kumbura fiye da da. Sai a ƙara ɗigawa, daga sau biyu a koma sau shida, kwalba a aljihu, wata a ƙarƙashin matashin kai. Tsiron kuwa ko gezau. Maganin da bai kamata ya wuce kwana bakwai ba, mai sayarwa ya yi ta miƙa wa mutum wata da watanni bai taɓa tambayarsa komai ba! Wannan ganganci ne. Ka daina ɗigawa a kafa ɗaya, in ta sarara ka daina a ɗayar. Makon farko da na biyu za ka sha wuya, ka daure.

Idan tsiron babba ne, likita kan ba da ƙwayar prednisolone mai rage kumburi ta ɗan gajeren lokaci. Kada ka maimaita ta da kanka, tana hawar da sukari da jini, tana cinye ƙashi. Sai duk wannan ya gaza ake zancen tiyata ko allurar dupilumab duk mako biyu.

Toshewar ɓangare ɗaya kaɗai, majina mai jini, kumburin ido ko gani biyu-biyu, waɗannan ba sa jira. Ka nufi asibiti a ranar.