Ƙaramin maciji ya sari ƙanena, mai magani ya ce jariri ne ba shi da dafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Shekaranjiya da yamma maciji ya sari ƙanena a idon sawu muna cirar gyaɗa a gona. Mun kashe macijin, ɗan gajere ne, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo fari a gefe. Mai maganin garinmu ya ce jaririn maciji ne, dafinsa bai ƙosa ba, ya yi wa yaron tsaga ya liƙa masa baƙin dutse. Ƙafar ta kumbura, amma yana cin abinci yana hira. Yau da asuba ya yi asuwaki sai ga jini a dasashinsa, ya ƙi tsayawa. Hankalina ya tashi. Yaya ake bambance maciji mai dafi da marar dafi? Daga wani mai karatu a ƙasar Alkaleri.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, in har yanzu yaron yana gida, ajiye wayar nan ka nemi mota. Sauran bayanin ka karanta a hanya. Siffar da ka kawo, da jinin dasashi kwana biyu bayan sara, sun isa in ɗauka kububuwa ce, wadda wasu ke kira gobe da nisa. Jinin ƙanenka ya daina daskarewa, kuma ba abin da zai gyara wannan sai allurar kashe dafi.

Macizan da ke kashe mutane a ƙasarmu gida biyu ne. Gida na farko su ne kububuwa da kasa: fiƙoƙinsu dogaye ne, suna naɗe su cikin baki sai za su yi sara, dafinsu kuma jini da tsoka yake ci. Gida na biyu su ne masu fasa kai, irin su kumurci da gamsheƙa, masu gajerun fiƙoƙi a kafe. A cikinsu akwai mai tsartuwa a ido mai ruɓar da nama, akwai kuma mai kashe jijiyoyi, fatar ido ta faɗi, yawu ya ƙi haɗiyuwa, numfashi ya tsaya. Mesa, duk girmanta, ba ta da dafi ko kaɗan, matsewa take yi. Kunama kuwa ba ta cikin wannan lissafi, ita dangin gizo-gizo ce da kaska, masu ƙafa takwas, kuma harbinta azaba ce nan take ba tare da kumburi mai yawa ko zubar jini ba. Na ambace ta ne saboda da dare mutane kan ce "ai kunama ce" su koma barci. In ƙafa ta kumbura tana hauhawa, ba kunama ba ce.

Yanzu ga maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wai ƙaramin maciji ƙaramin dafi. Wa ya koya wa mutane wannan? Kububuwar da ta gama girma da wuya ta wuce santimita 60, yawancinsu ma ba su kai nan ba. Abin da mai maganinku ya kira jariri mai yiwuwa uwa ce da ta sha yin ƙwai. Kuma ko da ƙyanƙyasar jiya ce, da dafinta ta fito. Wannan 'yar gajeruwar ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane a dazuzzukan Afirka ta Yamma, daga kwarin Binuwai zuwa arewacin Ghana. In ba a yi wa wanda ta sara allura ba, cikin mutum goma ɗaya ko biyu kan rasu. Mesa mai kamu goma ana tara gari a kanta da sanduna, kububuwa kuma a ɗaga ta da tsinke ana dariya.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne yadda dafin ke aiki. Ba ya kayar da mutum nan take. Shiga jini yake yi ya cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare, har su ƙare ƙaf. Mutum na zaune yana cin tuwo yana ba da labarin yadda aka kashe macijin, alhali duk inda aka ɗan karce shi jini ba zai tsaya ba. Sai a fara gani a dasashi, a fitsari, a amai, a tsohon miki da ya fara warkewa. Mafi muni shi ne wanda ba a gani, zubar jini a cikin ciki ko cikin ƙwaƙwalwa, a kwana na uku ko na biyar, wani lokacin bayan mako. Ciwon kai mai tsanani ya zo, sai suma. A nan ne dangi ke cewa ai ya warke, wani abu ne daban ya same shi, ko a ce jifa aka yi masa.

To a wannan hali ne wani ya ɗauki reza ya yi wa yaro tsaga. Mutumin da jininsa ba ya daskarewa, ka buɗe masa sababbin ƙofofi! Dutsen kuma ba dutse ba ne, ƙashin saniya ne da aka ƙona, yana liƙewa a kowane ɗanyen miki, ko na wuƙa ne, domin yana shan danshi. Dafin da ya bi jini ya zagaya jiki tun awa ta farko, ba abin da zai jawo shi waje, ko dutse ko ƙaho ko tsotsa da baki. Ɗaure ƙafa tamau da roba ko igiya shi ma ba ya tsare dafin, sai dai ya kashe ƙafar a yanke ta. Na san abin da za a ce mini: ai wane mai magani ya warkar da shi. Gaskiya ne wasu na tashi, domin macizai da yawa ba su da dafi, masu dafin ma wani lokaci sukan sara ba su zuba komai ba. Waɗannan da ruwan randa aka ba su ma za su tashi. Mai magani ya karɓi yabo da akuya a kansu, waɗanda dafin ya shiga da gaske kuma sai a kawo mana su a kwana na huɗu, jini ya ƙare.

Kada ka wahalar da kanka da dabarun da ke yawo a Facebook na duba siffar kai ko ƙwayar ido. Akwai wani baƙin maciji siriri mai shiga ƙasa, kansa kamar na marar dafi, amma yana iya sokar wanda ya riƙe shi ta wuya da fiƙa ɗaya ta gefen baki. Mu kanmu a asibiti ba da gawar maciji muke yanke hukunci ba. Jini muke ɗiba kaɗan, mu zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, mu ajiye minti 20. In an karkata kwalbar jini ya gudana, dafi na aiki, sai allura. Bayan awa 6 a sake gwadawa, in bai daskare ba a ƙara. Ko ya daskare ba a sallama da wuri, domin dafin da ya taru a wurin saran kan sake fitowa.

Allurar ma a kula wacce ce. Irin su EchiTAb an yi su ne da dafin macizan Najeriya, ana haɗa ɗaya a Birtaniya ɗaya a Kosta Rika. Waɗanda aka yi don macizan Indiya suna cika kasuwa saboda arha, amma ba sa kama dafin kububuwarmu. A wani asibiti a Ghana da aka koma amfani da irinsu, mace-macen waɗanda maciji ya sara sun tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su tun 2017, amma har yau daga waje muke jiran magani, kuma yakan yanke a lokacin shuka da girbi, daidai lokacin da manoma ke faɗawa. Saboda haka kada ka sayi kwalba a kemis wani ya yi masa a gida, domin allurar kanta takan tayar da jiki, dole a yi ta inda za a iya ceto.

Daga Alkaleri, ku nufi asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe, sai dai in kun tabbatar babban asibitin da ya fi kusa yana da maganin a hannu. Mutanen Filato suna da asibitin Zamko a ƙasar Langtang. Kada yaron ya taka da ƙafarsa, a ɗauke shi. In an ɗaure ƙafar tamau, a bar wa ma'aikatan asibiti su kwance. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini, farasitamol kaɗai in zafi ya dame shi, kuma kada kowa ya yi masa allura a tsoka. Ku tafi da 'yan'uwa biyu ko uku masu ƙarfi, domin mai yiwuwa a nemi jini.